Baffa Mai Ramin Kara

Ranar da muka rasa Baffa, ba mu 'yan gida ne muka fi kuka ba. Namu kukan mun riga mun yi shi wata uku a ɓoye, kowa a inda yake tsammanin ba mai ganinsa. Da hantsin Talata rai ya yi halinsa, Inna, matarsa, ta ja mayafi ta rufe masa fuska, muka faɗi cewa na Allah muke kuma wurinSa za mu koma, muka sake faɗa, sannan muka yi tsit kamar waɗanda aka sauke wa kaya amma wuyansu bai sani ba.

Baƙi ne suka tayar mana da kukan. Kafin azahar ƙofar gidanmu a Jega Firchin ta cika da babura da mutanen da rabinsu ban san su ba. Yayana ya ce wani tsohon Ardo da ya taso daga rugarsu a bayan Katanga ya ƙi zama kan tabarma, ya zauna a ƙasa gefen zaure ya ɗora sandarsa a gwiwa, duk wanda ya yi masa magana sai ya girgiza kai. Wani dillalin albasa daga Aliero kuma ya tsaya a tsakiyar maza ya ce, "Ku shaida, ina cikin waɗanda sunka ce mai mahaukaci. Allah shi yahe mini." A cikin gida, wata tsohuwa daga Jiga Makera ta gama gaishe da Inna, ta yi addu'a, sai bakinta ya suɓuce ta ce, "To bana mi tumakina za su ci?" Nan take kunya ta kama ta, ta rufe baki da gefen zane. Inna ta kama hannunta ta ce, "Bari, gaskiya kika faɗa. Da shina ji, wagga magana taki ta hi mai daɗi bisa dut ta'aziyyar da anka yi."

Mahaifina, wanda shi ne ƙanensa, yana cikin waɗanda suka kai shi maƙabarta.

Na zauna rubuta wannan ne domin na lura, bayan sadakar arba'in, an fara taƙaita shi. Ana cewa, "Allah Ya jiƙan mai ramin kara," a wuce. Nan da 'yan shekaru yaranmu za su ɗauka laƙabi ne kawai. Ni kuwa a hannunsa na tashi, shi da Inna suka riƙe ni tun yaye domin ba su samu 'ya mace ba, kuma ina da laifin da nake so in faɗa da bakina.

Baffa bai yi boko ba. Manomi ne, gero da dawa da damina, albasa da rani, da 'yan tumaki a bayan gida. Abin da ya bambanta shi da sauran manoma ya faro ne a wata bazara mai tsawo, kafin a haife ni. Harawa ta ƙare, dusa ta yi wuya, tumakinsa suka koma bin juji. Wata tunkiya mai ciki da yake ji da ita ta kwanta, aka yanka ta, da mahauci ya farka tumbinta sai leda cunkus. Inna ta ce kwana biyu bai ci tuwon kirki ba. A rana ta uku ya tafi gona ya tarar gara ta cinye masa rabin tarin karan da ya jingine zai yi danga. Wani zai yi tsaki ne. Shi kuwa ya tsuguna yana kallo har rana ta take.

Tambayar da ya dawo da ita gida ita ce wadda ya yi ta maimaitawa har tsufansa, duk wanda ya zauna da shi ya ji ta: "Gara na cin busasshen kara ta yi ƙiba. Don mi tunkiyata za ta mutu da yunwa, ga kara jibge?"

Ya ɗauki magirbi ya fasa suri. A can ciki ya samu wani abu kamar soso, fari-fari, mai laushi, da funfuna a jikinsa. Ya ce a ransa ba haƙorin gara ne kaɗai ke aikin ba, tana da mai dafa mata. Daga nan ya fara haƙa ramuka marasa zurfi a gefen gonarsa ta hanyar Katanga. Yakan sassare kara ƙanana, ya jiƙa shi a ruwan toka, ya ɗauraye, ya yayyafa 'yar dusa, ya marmasa abin cikin surin a kai, ya rufe da tsofaffin tabarmi. Shekaru da dama abin yana ruɓewa, yana wari, ƙuda na bi. A kasuwar Jega aka fara nuna shi da baki.

Matar Ardon nan ce ta ba shi abin da ya rage masa, ba tare da ta sani ba. Ya je rugarsu ya ga tana zuba ɗan tsohon nono a cikin sabuwar madara. Ya tambaye ta dalili, ta ce ai sai da uwa nono ke kwana. Saboda haka ranar da wani rami guda ya yi masa kyau, karan ya fito fari, mai laushi, kana murza shi yana rabewa, yana ƙamshi kamar ƙasa bayan ruwan farko, bai ba tumaki duka ba. Ya ɗebi tafi biyu ya sa a sabon rami. Ya kira shi uwa. Wannan uwar ita ya yi ta ɗauka daga rami zuwa rami, rani da damina, shekara da shekaru, bai bar ta ta yanke ba.

Mutum ne mai shinshina komai. Tuwo, ruwan randa, sabon buhu, kan jariri. Ba ya wuce kara a hanya bai ɗauka ya karya ya duba cikinsa ba. Aljihunsa kullum da wuƙa da ɓawon wani abu. Inna ta yi fama da shi a kan gara, domin in ta ga sun yi hanya a bangon ɗaki ta ɗauko ruwan zafi, sai ya tare ta yana cewa, "Ki bi su a hankali, malamaina na." Ita kuma ta ce malaman nasa sun cinye mata akwatin aure, ta watsa musu ruwan.

Rigimarsa da mahaifina a kan wuta ce. Gonakinsu na jere. Bayan kaka mahaifina yakan tara kara da tattakar shinkafa ya cinna musu wuta domin ya share wuri da wuri ya dasa albasa, kamar yadda kowa ke yi. Wata shekara Baffa ya hango hayaƙi, ya sheƙo da gudu, dattijo da furfura, ya tuɓe rigarsa yana bugun wutar da ita. Rigar ta ƙone, hannunsa ya sale. A gaban 'yan ƙwadago ya ce wa ƙanensa, "Abincin bisashe kaka ƙonewa!" Mahaifina ya ce, "Yaya, ka bar mu hakanan. Ka maishe mu abin dariya, ko'ina in na tahi sai a ce ga ƙanen mai kiwon gara." Ranin nan kaf ba su yi magana ba, suna sallah a sahu ɗaya. Goggo, yayarsu duka, ita ta taso daga Maiyama ta zaunar da su ta ce ba za ta sha ruwan gidan ba sai sun gaisa. Suka gaisa. Mahaifina bai daina ganin abin a matsayin wahalar banza ba, amma daga shekarar ya koma tura masa kara a amalanke, a sauke a tafi.

Ba kullum abin ke yin daidai ba, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Akwai lokacin da wani maƙwabci ya ɗebi abincin daga ramin da funfunarsa ta fara yin baƙi, ya ba ragonsa, ragon ya kumbura ya mutu. Ba Baffa ya ba shi ba, da kansa ya ɗiba. Amma Baffa ya kwance ragon da ya yi shekara yana kiwo domin layya, ya ja shi har ƙofar gidan mutumin ya ɗaure. Sallar nan a gidan mahaifina muka ci nama. Tun daga ranar ya kafa doka: ba mai taɓa rami sai shi Baffa ya sa hannunsa ya ji ɗuminsa, ya shinshina da hancinsa. A lokacin mun ga hikima ce. Ba wanda ya yi tunanin cewa ta haka sanin duka ya koma cikin hannu ɗaya da hanci ɗaya.

Alherinsa da aka fi tunawa na shekarar da ruwa ya makara ne. An yi shuka ta ƙone, ciyawa ba ta fito ba, shanun rugar bayan Katanga suka fara faɗuwa, sai an kama wutsiya a tayar da su. Ardo ya zo bai roƙi komai ba, ya zauna suka yi ta hirar sama. Da zai tafi Baffa ya ce ya turo jakuna da safe. Ya buɗe ramukansa duka, ya bar tafi biyu kawai na uwa. Mata masu tunkiya ɗaya, biyu, suka ji labari suka zo da kwanduna daga ƙauyuka, bai mayar da kowa ba. Tumakinmu suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Inna ta yi masa magana, ya ce, "Namu suna da mai yi musu kuka. Bari mu ga ko ruwa na zuwa." Bai ceci garken duka ba, ramuka nawa ne ma. Amma shanun da ke shayarwa sun kai ga ruwan farko a tsaye.

Yanzu sai laifina.

Shi ya tsaya aka bar ni na yi karatu har jami'a, na karanci ilimin sinadaran jikin halittu. A shekarata ta uku aka koya mana abin da na girma ina gani a gefen gona. Na dawo hutu kaina a kumbure, na same shi a bakin rami da yamma, na ce, "Baffa, abin nan naka yana da suna. Enzayim ake ce masa."

Ya ce, "Mi?"

Na bayyana masa cewa funfunar nan tana fitar da wasu sinadarai, ido ba ya ganin su, suna aiki kamar ƙananan wuƙaƙe. Wasu na kankare taurin da ke jikin kara, wasu na yayyanka zaren cikinsa har ya koma wani abu mai kama da sukari, wanda cikin dabba zai iya amfana da shi. Na ce irinsu ne a cikin gara, irinsu ne a tumbin saniya. Ya saki baki yana saurare, idonsa na ƙyalli. Da na tsaya nan da na kyauta. Amma na ci gaba. Na ce a ƙasashen waje a manyan tankuna ake kiwon funfunar, a tatsi sinadarin, a gyara abincin dabbobi da shi, a yi takarda, har man mota ana yi daga kara. Na ƙarasa da cewa, "An daɗe da sanin wannan, Baffa. Ba sabon abu ba ne."

Ya daɗe yana kallon tabarmar da ya rufe ramin da ita. Sannan ya ce, "An san shi? Tun sanda tunkiyata tam mutu an san shi?"

Na ce ina jin haka.

Ya ce, "To don mi ba a zo anka gaya muna ba?"



Bai riƙe ni a zuci ba. Bayan kwana biyu na ji shi yana gaya wa abokansa a ƙofar masallaci cewa ɗiyarsa ta ce wuƙaƙe ne a cikin funfuna. Da na gama karatu na samu aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata makaranta, sai ya ɗauko kwalba ya wanke da ruwan zafi, ya cika ta da uwa, ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, "Tahi da ita ki duba muna ko wace iri ta. A rubuta, a aje. Ni ba dawwama za ni yi ba."

Na kai ta. Na shuka ta a farantan gwaji, ta tsiro fara tas, na ji daɗi, na sa a firji ina jiran kayan aikin da za a gane irinta. Kayan ba su zo ba. Aka ɗauke wuta kwana da kwanaki, injin ba da wuta ba mai, da na buɗe firjin sai na tarar wata koriyar funfuna ta mamaye farantan duka. Abin da ya kamata in yi mai sauƙi ne: in koma in ce Baffa ta lalace, ƙaro mini. Kunya ta hana ni. Ni da na gaya masa an daɗe da sani. Duk zuwan da na yi gida sai ya tambaya, ni kuma in ce ana kan aiki. Shekara biyu ina faɗar haka. Ina cewa a raina ai uwar na nan a rami, ai Baffa na nan.

Bayan kakar bara ya fara ramewa. Yana cin abinci amma kamar ana zubawa a rariya. Idonsa ya yi rawaya. Muka kai shi asibitin birni, aka yi hotuna, likita ya kira ni waje da ya ji na san aikin. Ya ce ciwon daji ne, a tsokar nan ta bayan tumbi wadda ke fitar da ruwan narkar da abinci, kuma ya riga ya bazu. Na tsaya jikin bango. Na san sunan kowane sinadari da jikinsa ya daina fitarwa, zan iya zana su a allo, na sha koya wa ɗalibai. Ba ɗaya da zan iya mayar masa.

Aka ba mu wasu ƙwayoyi da zai riƙa haɗiya tare da abinci. Da muka dawo gida ya jujjuya ɗaya a tafin hannunsa, ya shinshina, ya ce, "Mi ac ciki?"

Na ce, "Wuƙaƙen nan ne, Baffa. Irin masu yanka abincin mutum."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Ashe ni ma na koma rami." Ƙwayoyin sun ɗan taimaka na 'yan makonni. Daga baya ko kunu ba ya zama.

A watansa na ƙarshe ba ya iya tashi, ga lokacin sauya wa uwa rami ya yi. Na ɗauki hutu na dawo. Ya kwatanta mini komai daga kwance, na je gona da yayana muka sassare kara, muka jiƙa, muka yi yadda ya ce. Bayan kwana shida ya aike ni in sa hannu. Na dawo ya ce, "Mi kij ji?"

Na ce, "Da ɗumi."

"Ɗumi awa mi? Awa jikin ɗan rago, ko awa tuwon da yak kwana?"

Na ce ban sani ba. Na ce zan kawo ma'aunin zafi daga wurin aiki. Ya ce in kawo, amma shi bai san lambar da zai gaya mini ba. Na koma gona na ɗebo tafi guda a ƙwarya, na kai masa har bakin hanci. Ya ja numfashi, ya sake ja. Ya rufe ido. Ya ce, "Ɗiyata, ba ni jin komi. Hancin ya tahi."

A nan na gaya masa zancen kwalbar. Na durƙusa gefen gadon na faɗa masa duka, wutar da aka ɗauke, koriyar funfuna, ƙaryar shekara biyu. Na ɗauka zai yi mamaki. Ya ce, "Na sani tun bara. Ke ba ki iya ƙarya ba, ƙasa kika kallo." Na ce me ya sa bai yi magana ba. Ya ce, "Ina jiran ki zo ki ce in ƙaro miki." Ya ɗora hannunsa a kaina, hannun ba nauyi ko kaɗan.

Kwana tara bayan nan ya rasu. Muna cikin zaman makoki ba wanda ya tuna da gona. Da na je ran sadakar bakwai, na ɗaga tabarma, ramin ya yi baƙi ƙirin. Ko ruwa ne ya yi yawa, ko zafi, ko tun ranar da na sa hannu ya riga ya juya, ban sani ba. Na tona har ƙasa ina neman ko da ɗan wuri fari. Babu. Na fasa suri uku tun daga lokacin, na yi yadda ya fara. Duka sun ruɓe. Shi ma shekaru ya yi kafin ya dace da guda, kuma bai taɓa sanin me ya sa wancan ya yi ba.

Makon jiya ina tsakar gida da Inna muna tsince wake, aka yi sallama. Wata mata ce, ba tsohuwa ba, goye da jariri, riƙe da ƙaramin bokiti mai murfi. Ta ce daga wani ƙauye take a bayan Maiyama. Mijinta ya rasu ya bar mata tumaki huɗu, ta tara kara tun kaka, an ce mata akwai wani dattijo a Jega da ke ba da abin da ake sa wa kara ya yi laushi. Ta biyo motar kasuwa tana tambaya har aka nuna mata gidan.

Inna ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo mata ruwa, ta bari ta sha. Sannan ta gaya mata.

Matar ta yi salati, ta yi masa addu'a mai tsawo, mutumin da ba ta taɓa gani ba. Ta jijjiga jaririn. Ta ce, "To ba wanda yab bar ma?"

Inna ta juyo ta dube ni. Na gaya mata abin da na sani, tokar da dusar da tabarmar, na kuma gaya mata kada ta gwada, domin in ya yi baƙi zai kashe mata tumakin, ni kuwa ba zan iya koya mata yadda ake ganewa ba. Ta saurara da kyau har na gama. Inna ta karɓi bokitin ta cika mata shi da dusa, abin da muke da shi ke nan. Ta yi godiya kamar an ba ta abin da ta zo nema. Na raka ta har bakin titi, na tsaya tare da ita a rana har mota ta zo.

Allah Ka jiƙan Baffa. Ka sanyaya masa makwancinsa, Ka sa kowace dabba da ta ƙoshi ta dalilinsa ta zama shaida a gare shi. Ka yafe masa, mu ma Ka yafe mana abin da muka ga yana nan muka ɗauka zai jira mu.